Haruffa Masu Ɗigar Jini da Haruffa Masu Tsalle: Yadda Kanun Ban Tsoro Ke Rikiɗa Su Zama Na Wasa

Tsakure

Wannan maƙala ta bi sawun haruffan ƙawa da ake rubuta kanu da su a fostocin finafinai da bangon littattafai da takardun talla, musamman waɗanda aka zana don su tsorata mai kallo da waɗanda aka zana don su sa shi murmushi. Hujjar da take kafawa ita ce, iri biyun nan dabara ɗaya suke hawa, wato karya tsarin da ido ya saba da shi, kuma duk harafin ban tsoro da aka mayar zubi na kowa da kowa yakan gangara zuwa ɓangaren wasa. An ɗauko misalai daga Ingila da Jamus da Amurka, inda sana'ar ta girma, sannan aka duba abin da ke faruwa idan kalmar da za a rubuta ta Hausa ce.

Gabatarwa

A shekarar 1995 wani mai zanen haruffa ɗan Ingila, Andrew Smith, ya fitar da zubin haruffa guda biyu. Ɗaya sunansa Chiller: sandunansa a yayyage, an ja su da buroshi cikin gaggawa, tawada ta fantsama a gefe. Ɗayan kuma Jokerman, wanda ke cike da ɗige-ɗige da nannaɗe-nannaɗe da 'yan layuka masu shawagi kusa da kowane harafi. Kamfanin Microsoft ya sa su duka biyun cikin manhajojinsa na ofis, ta haka suka shiga miliyoyin kwamfutoci, har da na shagunan buga katin biki da fosta a Kano da Zariya da Maraɗi. Na farko an yi shi ne don firgitarwa, na biyu don raha. Amma wanda ya jera su kusa da juna zai ga hannu ɗaya da tunani ɗaya: babu harafin da ya zauna daram a kan layi, babu sanda biyu masu kauri ɗaya, babu gefen da aka bari sumul.

Masu ɗab'i sun daɗe da raba haruffa gida biyu. Akwai harafin cikin littafi, wanda aikinsa shi ne ya isar da magana ba tare da an lura da shi ba. Beatrice Warde, a wata lacca da ta yi a Landan a 1930, ta kwatanta irin wannan harafi da kofin gilashi garai-garai, wanda mai sha ke ganin abin da ke ciki ya manta da kofin. Akwai kuma harafin kanu, wanda shi kamar sanƙira yake a bakin taro: dole a ji muryarsa kafin a fahimci saƙon da ya kawo. Masana sun fi ba na farko muhimmanci, suna yi wa na biyu kallon kayan kasuwa. Mai wannan maƙala yana ganin an tauye wa na biyun haƙƙi, domin a cikinsa ne ake iya ganin yadda siffa tsagwaronta ke motsa zuciya tun ba a kai ga ma'anar kalma ba.

Daga dalma zuwa katako

Gutenberg ya buga littafinsa na farko mai girma a birnin Mainz wajen 1455, kuma aka shafe kusan shekara 350 bayan haka maɗaba'un Turai ba su cika samun harafi na musamman don kanu ba. In ana son babban rubutu, sai a ɗauko harafin littafi a ƙara masa girma. Kasuwa ce ta sauya lamarin. A farkon ƙarni na 19 bangayen Landan suka cika da takardun talla, na cacar gwamnati da na gidajen wasan kwaikwayo da na gwanjo, kowace takarda tana kokawa da maƙwabciyarta. Robert Thorne, mai maƙerar haruffa a birnin, shi ake dangantawa da haruffan nan masu ƙiba, waɗanda aka kumbura sandunansu na tsaye har suka kusa haɗewa, aka bar na kwance siri-siri. Vincent Figgins ya biyo baya da kundin samfuri mai ɗauke da shekarar 1815, inda aka fara ganin haruffa masu ƙafafu masu kauri da kusurwa huɗu. Daga nan sai kowa ya saki hannu: haruffa masu inuwa, masu rassa a ƙarshen sanda, masu furanni a ciki, har da waɗanda suka kishingiɗa baya.

Sai dai dalma tana da iyaka. Babban harafin dalma yana da nauyi da tsada, kuma wajen hucewa bayan zubi fuskarsa takan lotsa, tawada ta ƙi kama ko'ina daidai. A New York, Darius Wells ya ƙirƙiro injin sassaƙa katako a 1827, a 1828 ya fitar da kundin haruffan katako na farko. A 1834 William Leavenworth ya haɗa wannan inji da na'urar kwaikwayon zane, ta yadda daga samfuri guda za a yanka harafi a kowane girma. Kamfanin Hamilton, da aka kafa a 1880 a garin Two Rivers na jihar Wisconsin, shi ya zo ya mamaye wannan kasuwa, kuma har yau akwai gidan tarihin haruffan katako mai sunansa a garin.

A duk tsawon wannan ƙarni ba a ware harafin tsoro daban da na wasa ba. Irin haruffan da James Catnach, mai ɗab'i a unguwar Seven Dials ta Landan, ke ɗiba ya buga labarin kisan kai da rataye mai laifi, irinsu ake ɗiba a buga sanarwar wasan tanti mai giwaye da masu tafiya a kan igiya. Girma da ƙara kawai ake nema. Tsoron yana cikin labarin da hoton, bai shiga jikin harafi ba tukuna.

Harafin Gotik da karkataccen harafi

Harafi na farko da ya ɗauki warin kabari a idon masu karanta Turanci shi ne tsohon rubutun Gotik, mai duhu da kusurwoyi, irin wanda Gutenberg kansa ya yi amfani da shi. Tun da wuri Ingila ta sauya shi da haruffan Rumawa, don haka ya zama alamar tsohon zamani. Lokacin da Horace Walpole ya fitar da The Castle of Otranto a 1764, littafin da ake ɗauka a matsayin tushen labaran ban tsoro na Gotik, sai ya ɓoye sunansa, ya ce a gabatarwa wai fassara ce ta wani tsohon littafi da aka buga a Naples a 1529 da irin wannan baƙin rubutu. Ƙirƙira ce, amma ta nuna cewa tun a lokacin ambaton harafin kaɗai ya isa ya kawo wa mai karatu tunanin kufai da gidajen ibada da aka ƙaurace wa.

A Jamus kuwa labarin daban ne. Can da reshen wannan harafi mai suna Fraktur ake buga jarida da littafin 'yan firamare da takardar haraji, har ranar 3 ga Janairun 1941 da Martin Bormann ya sa hannu a takardar da ta hana amfani da shi bisa umarnin Hitler. Yaron Jamus na 1900 ba ya jin ɗar idan ya ga Fraktur, domin da shi ya koyi karatu. Haka kuma jaridu irin su New York Times da Daily Telegraph har yau da harafin Gotik suke rubuta sunansu, su kuma dattaku da daɗewa suke nufi. Harafi ɗaya ke nan, ma'ana uku. Wannan ya isa hujja cewa kaso mai yawa na abin da ake ji a jikin harafi koyonsa aka yi, ba da shi aka haifi ido ba. Ko bugun farko na Dracula na Bram Stoker, a 1897, bai nemi wani harafi mai ban tsoro ba: bango ne ruwan ɗorawa da jan rubutu fili.

Sinima ce ta fara karkata harafin kansa. Fim ɗin Robert Wiene, Das Cabinet des Dr. Caligari, wanda aka fara nunawa a Berlin a 1920, labari ne da ke fitowa daga bakin wanda hankalinsa ya taɓu. An zana gidaje da tituna a karkace, tagogi masu tsini, inuwa ma fenti aka yi ta da shi. Da yake fim ne marar magana, akwai allunan rubutu da ke katse hoto, kuma su ma da hannu aka zana su, haruffan a wargaje, wasu sun fi wasu tsawo, layuka masu kaifi suna ratsa bayansu. A nan ne aka kafa ƙa'idar da har yau ake bi: idan duniyar labarin ta goce daga daidai, to rubutun ma ya goce.

Mujallun zane na Amurka suka ɗauki ƙa'idar suka kai ta kasuwa. Daga 1950 kamfanin EC na William Gaines ya riƙa fitar da Tales from the Crypt da The Vault of Horror da The Haunt of Fear, sunayensu a bango da manyan haruffa masu karkarwa, gefensu a ciccije. Akwai wani abu a cikin waɗannan mujallu da ba a cika kula da shi ba. Maganganun da ke cikin shafuka ba da sakakken hannu aka rubuta su ba, da ma'aunin rubutu na Leroy ne, kayan aikin masu zanen taswirar gini, wanda ke fitar da haruffa daidai wa daida, a sanyaye. Bango yana ihu, ciki yana ba da labarin gawa da muryar magatakarda. Wannan bambanci yana daga cikin abin da ya sa labaran suka riƙa shiga jiki.

Dodo ya shiga ɗakin yara

A 1954 wani kwamitin Majalisar Dattawan Amurka ya zauna sauraron bahasi kan kangarar yara, likitan ƙwaƙwalwa Fredric Wertham ya ɗora wa mujallun zane laifi. Masu buga mujallun suka kafa wa kansu hukumar tacewa a wannan shekara. Dokokinta sun hana sa kalmomin firgici guda biyu da aka fi amfani da su a sunan mujalla, sun kuma hana nuna masu shan jini da gawa mai tafiya. Kafin ƙarshen 1955 mujallun ban tsoro na EC sun mutu. Abin da ya rage wa Gaines shi ne Mad, mujallar barkwanci, wadda wasu daga cikin masu zanen gawarwakin suka koma yi wa aiki.

Dodannin ba su ɓace ba, ɗaki suka sauya. A 1957 aka sayar wa tashoshin talabijin tarin tsofaffin finafinan ban tsoro 52 na kamfanin Universal, ciki har da Dracula da Frankenstein na 1931. Waɗanda suka zauna gaban akwatin suna kallo yara ne. A 1958 mujallar Famous Monsters of Filmland ta fito domin su, cike da hotunan dodanni da zolaya. A 1964 aka fara The Munsters da The Addams Family, wasannin ban dariya a kan iyalan dodanni. Shirin zane na Scooby-Doo ya zo a 1969, inda kusan kowace fatalwa ke ƙarewa a matsayin wani mutum da ya sa abin rufe fuska. A 1971 kamfanin General Mills ya sa mai shan jini a kwalin abincin karin kumallo na yara mai suna Count Chocula. Duk waɗannan sun gaji haruffa masu karkarwa da masu narkewa daga fostocin da suka gabace su, kuma kowane amfani yana rage musu dafi.

Zuwa 1975, da aka rubuta sunan The Rocky Horror Picture Show da jajayen haruffa masu ɗigar jini, mai kallo ya riga ya san ba a neman ya firgita. Fim ne na waƙa da raha da ke kwaikwayon tsofaffin finafinai, haruffan kuma suna sanar da hakan tun daga bakin ƙofa. A 1992 jerin littattafan Goosebumps na R. L. Stine ya fito da sunansa cikin haruffa masu tsiyayar yauƙi, an yi su ne don 'yan firamare, an kuma sayar da ɗaruruwan miliyoyi. Zubin haruffa na kyauta da ake samu yau a rumbun Google Fonts, irin su Creepster da Nosifer, wannan gado suka ci. Kasuwarsu tana ci ne a watan Oktoba, lokacin da Amurkawa ke shirin bikin Halowin na ranar 31 ga wata, a katin gayyata da ledar alewa da ƙofar aji.

Abin da ido ke gani kafin ya karanta

Ba komai ba ne koyo. A 1929 masanin halayyar ɗan Adam Wolfgang Köhler ya nuna siffofi biyu, ɗaya mai tsini ɗaya mulmulalliya, tare da sunaye biyu marasa ma'ana, ya lura cewa mutane suna ba mai tsinin sunan da ke da kaifin furuci. V. S. Ramachandran da Edward Hubbard suka sabunta gwajin a 2001 da sunayen kiki da bouba, kuma wani bincike da aka buga a 2022 ya samu wannan karkata a tsakanin masu magana da akasarin harsuna 25 da aka gwada. Moshe Bar da Maital Neta sun nuna a 2006 cewa mutane sun fi son abu mai lanƙwasa a kan takwaransa mai kusurwa, a 2007 kuma suka nuna cewa abu mai tsini ya fi tayar da ɓangaren ƙwaƙwalwa da ake kira amigdala, wanda ke lura da haɗari. Waɗannan gwaje-gwaje a kan siffofi da kayayyaki aka yi su, ba a kan kanun fosta ba, don haka sai a yi hattara wajen ɗora musu kaya. Duk da haka sun dace da abin da masu zanen haruffa suka daɗe suna yi da hannunsu: tsini don barazana, mulmule don sakin jiki.

Cooper Black, wanda Oswald Cooper ya zana aka fitar a Chicago a 1922, shi ne sarkin mulmulallun haruffa. Babu kusurwa ko ɗaya mai kaifi a jikinsa, ƙafafunsa a kumbure, ramukan cikin wasu haruffansa sun ɗan jirkice baya. Da shi aka rubuta bangon faifan Pet Sounds a 1966, da shi kamfanin jiragen sama na easyJet ke rubuta sunansa. Comic Sans kuwa Vincent Connare ya fara zana shi a 1994, bayan ya ga wani karen zane a manhajar Microsoft Bob yana magana da harafin jarida na Times New Roman, abin da ya ga bai dace ba. Ya duba rubutun hannu na mujallun zane biyu da ke ofishinsa, Watchmen da The Dark Knight Returns, waɗanda duka labarai ne masu duhu da zubar da jini. Ke nan harafin da duniya ta fi sani da wasa daga cikin labaran tashin hankali aka tsamo shi. Da masana a cibiyar CERN suka yi amfani da shi ranar 4 ga Yulin 2012 wajen sanar da gano ƙwayar Higgs, an yi ta ce-ce-ku-ce, wanda ya nuna yadda jama'a suka riga suka yanke wa harafin matsayinsa.

A nan ne wannan maƙala ke son a tsaya a dubi ɗigon jinin nan da kyau. Ɗigo ba shi da tsini. Ruwa mai kauri in ya tsiyayo, ƙarshensa mulmulalle ne, wato a ma'aunin Köhler yana ɓangaren laushi. Abin da ke sa shi ban tsoro launi ne da tunanin rauni. A bar siffar yadda take a sauya ja zuwa kore, ya zama yauƙi. A mayar da shi ruwan ƙasa, ya zama cakulan da ke narkewa a tallan biskit. Harafi mai ɗiga tun asali ƙafarsa ɗaya tana gidan wasa, shi ya sa bai yi wuyar ƙaura ba. Harafi mai yagewa da tsini, irin na Caligari, ya fi shi riƙe dafinsa.

Firgici cikin natsuwa

Masu shirya finafinan da ke son tsoratar da manya sun gane wannan da wuri, sai suka juya wa ɗigon baya. Tony Palladino ya zana sunan Psycho a bangon littafin Robert Bloch na 1959 da manyan haruffa masu kauri na yau da kullum, sannan ya tsaga su. Tsagar nan kaɗai ce ƙawar, kuma ta yi tasirin da Alfred Hitchcock ya sayi izinin amfani da ita a tallan fim ɗinsa na 1960. Rosemary's Baby na 1968 ya buɗe da rubutun haɗe mai launin hoda, irin na katin ɗaurin aure, a kan hoton gine-ginen New York, ana rera waƙar lallashin jariri. Halloween na John Carpenter, a 1978, ya yi amfani da ITC Serif Gothic na Herb Lubalin da Tony DiSpigna, harafi mai tsafta da ƙananan ƙafafu masu kaifi, launin lemo a kan baƙi, kabewa mai fitila a gefe.

A Alien na 1979, Richard Greenberg ya sa fararen sanduna su riƙa bayyana ɗaya bayan ɗaya a saman allo, nesa da juna, mai kallo bai san me yake gani ba sai da haruffa biyar suka kammala. Stanley Kubrick a The Shining na 1980 ya zaɓi Helvetica, harafin allon filin jirgi da takardun kamfani, shuɗi, yana hawa sama a kan hoton mota tilo a hanyar duwatsu. A duk waɗannan, tsoron yana tasowa ne daga tazarar da ke tsakanin natsuwar rubutu da abin da zuciya ke zargin yana tafe.

Labarin ITC Benguiat ya fi kowanne nuna ƙarfin koyo. Ed Benguiat ya zana shi a ƙarshen shekarun 1970 yana kallon ƙawar salon Art Nouveau, babu dodo a ransa. Amma ya hau bangon littattafan da yaran Amurka na shekarun 1980 suka karanta da fitila cikin dare. Da aka zo shirya wasan talabijin na Stranger Things a 2016, kamfanin Imaginary Forces ya duba bangon tsofaffin littattafan Stephen King, ya ɗauko wannan harafi ya zagaye shi da jan haske. Wanda ya girma da waɗancan littattafai yana ganinsa tsikar jikinsa ke tashi, wanda bai san su ba kyakkyawan harafi kawai yake gani.

Hannu ba ya maimaita kansa

Akwai wani dalili na fasaha da ke kashe tsoro a zubin kwamfuta. Mai zane da hannu in ya rubuta harafi ɗaya sau biyu, ba za su taɓa fitowa daidai ba. Masu zanen fostocin finafinai na Gana a shekarun 1980 da 1990, waɗanda ke fenti a kan buhunan fulawa domin masu yawo da bidiyo da janareta ƙauye-ƙauye, kowane harafi sabo suke yinsa, jinin da ke zuba daga wannan daban da na wancan. Haka Kyle Cooper ya yi a buɗewar fim ɗin Se7en na 1995, inda aka kankare sunaye da hannu, suna rawa suna ɓacewa. Zubin kwamfuta kuwa zane ɗaya yake ajiyewa ga kowane harafi. Idan harafin ya zo sau biyu a jere, ɗigo biyu za su fito da tsawo ɗaya a wuri ɗaya, nan take ido ya gane cewa inji ne, ba rauni ba.

An nemi maganin wannan. Erik van Blokland da Just van Rossum, 'yan ƙasar Holan, sun fitar da Beowolf a 1990, zubin da ke sa na'urar bugawa ta jirkita gefen kowane harafi a duk bugu, ba a samun biyu iri ɗaya. Gidan adana kayan fasaha na MoMA a New York ya sa shi cikin tarinsa a 2011. Tsarin OpenType ya ba da damar ajiye zane biyu ko uku na harafi guda, manhaja ta riƙa musanya su da kanta. Shantell Sans, wanda ya fito a 2023 bisa rubutun hannun mai zane Shantell Martin, har ma'auni gare shi da ake ja a ƙara wa haruffa tsalle sama da ƙasan layi. Amma akasarin haruffan ƙawa na kyauta ba su da ko ɗaya daga cikin waɗannan dabaru.

Ga mai rubuta kanu da Hausa, matsalar ninki biyu ce. Ta farko, Hausa tana yawan jera baƙi biyu iri ɗaya, abin da mai ajami ke ɗora wa shadda, tana kuma son maimaita gaɓa: dodanni, aljannu, tsattsaga, kakkarya. Kanu ɗaya na iya tona asirin zubin sau uku.

Ta biyun ta fi tsanani. Tun shekarun 1930 aka tsayar da haruffa masu ƙugiya a rubutun boko, kuma da su aka san Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita a Zariya a 1939. A tsarin Unicode, Ɓ da Ɗ da Ƙ da ƙ, tare da Ƴ da ƴ da ake amfani da su a Nijar, suna cikin wani rukuni na ƙarin haruffan Latin, yayin da ƙananan ɓ da ɗ suka faɗa rukunin alamomin furuci na masana harshe. Mai zana harafin fosta a Turai ko Amurka ba kasafai yake leƙa waɗannan rukunoni ba. Sakamakon haka, mai shago da ke haɗa fosta a CorelDRAW in ya rubuta ƙwarangwal ko ƙoƙon kai da harafi mai ɗiga, sai ya ga ko dai akwatin da babu komai a ciki, ko kuma manhaja ta aro masa ƙ mai tsafta daga wani zubin ta dasa a tsakiyar jini. Da yawa sukan haƙura su jefar da ƙugiyar, ƙasa ta koma kasa, ƙarya ta koma karya. Wasu sukan mayar da rubutun zane su lanƙwasa kan harafin da hannu. Zubin Rabi'at da Abdalla, da Farfesa Abdalla Uba Adamu ya samar a shekarun 1990, sun share wa marubuta hawaye a rubutun cikin littafi, haka ma Charis da Andika na ƙungiyar SIL. Fagen kanu na ƙawa ne aka bari a baya.

Ƙara haruffa takwas a cikin zubi bai wadatar ba, domin ƙawar kanta tana iya cinye ƙugiyar. A zubi mai tsini, kowace doguwar sanda tana ƙarewa da ƙaya a sama, don haka k da ƙ sukan yi kama har mai karatu ya kasa rarrabewa daga nesa. A zubi irin na Jokerman, inda ɗige-ɗige ke yawo a ko'ina, alamar da ke cikin sa'a da 'ya'ya takan ɓace a cikin ado. Mai zanen da zai yi wa Hausa harafin tsoro ko na wasa dole ya bar saman b da d da k fili, ya tura ɗigo da ƙaya zuwa ƙasan harafi, ya kuma ba ƙugiyar kauri da faɗin da za a hango ta daga tsallaken titi. Sannan ya zana kowane mai ƙugiya aƙalla sau biyu, tunda su ma suna zuwa a jere, kamar a ƙaƙƙarfa da ɗaɗɗaure da ɓaɓɓake.